Ƙwarƙwata a Gidan Makitsiya

Da aka aiko daga makaranta wai ana nemanta, makitsiyar tana tsakiyar kan wata mata ne, ta kitse rabi, rabin yana tsaye kamar an tsorata shi. Ta ba matar haƙuri, ta goge man hannunta a gefen zani, ta ce wa mai shagon yanzu za ta dawo. Mai shagon, wadda kowa ke ce wa Anti har da waɗanda suka girme ta, ta bi ta da ido ta cikin madubi, ta ce Allah dai ya sa ba yanzun teloli ba ce.

A makarantar ta tarar da 'yarta kan benci a wajen aji, ita kaɗai, jaka a cinya. Yarinyar 'yar mitsitsiya ce, shekarunta sun kai na aji biyu amma jikinta bai samu labari ba, shi ya sa kowa ke ce mata Tsigi. Abu ɗaya Allah ya ba ta da ya fi ƙarfin jikin nan, shi ne gashi. Baƙi wuluk, ga cika, in an tsefe shi har gadon baya. A ajinsu ba ta fi kowa karatu ba, ba ta fi kowa gudu ba, in ana rabon wasa ita ake bari a ƙarshe kamar ƙanzo. Da gashin nan kaɗai take shiga mutane.

Malamar ajin ta ja makitsiyar gefe, ta rage murya, irin ragewar nan da ake ji har bakin titi. Ta ce an ga abu a kan yarinyar. Wane abu? Abu dai mai tafiya. Ta ce ba wai tana nufin wani abu ba ne, ita ma uwa ce, amma iyayen yara sun fara magana, kuma dokar makaranta sai kai ya yi fes ake komawa aji.

Makitsiyar ta sa yatsa biyu ta buɗe tsagar da ke bayan kunnen Tsigi. Ba sai ta duba sau biyu ba. Ga ƙwayayen nan manne da gashi a jere, ga uwarsu ɗaya tana ratsawa, ko sauri ba ta yi, kamar mai zagaya gonarta.

Ya kamata a ce kunya ta rufe ta. Mace ce fa da take hango ƙwan ƙwarƙwata a kan 'yar mutane tun daga ƙofar shago, kafin ma a gaisa. Ta ɗan tsaya tana jiran kunyar kamar mai jiran mota. Ba ta zo ba. Sai ta ce wa malamar to, ta kama hannun 'yarta suka fita.

Haka take tun rasuwar mijinta. Ya daɗe yana jinya a asibiti, ita ce mai kwana kan tabarma a gindin gadon, kuma da aka gama komai, mutane suka watse, sai ta duba cikinta ta ga ba kuka, ba komai. Jikin kamar na aro. In ta ci abinci ba ta sanin ko an sa gishiri. Rannan tukunya ta ƙona mata hannu, sai da Tsigi ta nuna mata wurin sannan ta sani. Mutane suna ta yaba mata haƙuri, ta bar su da yabonsu, don ba ta da ƙarfin gyara musu. Hannuwanta ne kaɗai ba su ji labarin rasuwar ba. Su suna nan yadda suke, su tsaga, su kama, su ja, layi ya fito santal kamar an sa zare.

A hanyar gida, da suka wuce masu facin taya, Tsigi ta ba da labarin wata 'yar ajinsu da aka taɓa yi wa aski saboda irin wannan, har yanzu ƙwan jimina ake ce mata, ko da gashin ya fito.

"Umma, ni ma aske mini za a yi?"

"Ba za a aske ba."

"Ki ce wallahi."

"Na ce ba za a aske ba. 'Yar makitsiya guda."

Ta faɗa ne kamar yadda take faɗin komai a kwanakin, baki yana motsi ita tana wani wuri. Amma yaro ba ya sanin wannan. Tsigi ta ɗauki maganar ta adana.

Mai kemis ya ba ta wani shamfu mai warin tsiya, da ɗan matsefi mai ƙananan haƙora, ya ce ta shafa ta bar shi ya jima, ta wanke, bayan kwanaki ta sake. Ya fara yi mata bayanin yadda ake taje gashi, ta tsaya tana kallonsa har ya ji nauyin kansa ya yi shiru.

Ta kwance kitson, ta wanke, ta zaunar da yarinyar tsakanin gwiwoyinta a ƙofar ɗaki, inda hasken yamma yake faɗowa, ta shimfiɗa farin ƙyalle a cinya. Ta raba gashin gida-gida, tana bi sili-sili. Wadda ta faɗo kan ƙyallen ta sa ta tsakanin faratan manyan yatsu, ji kake ƙas. Ƙwan kuma sai an zare shi da farce tun daga tushe har ƙarshen sili, ga silin da tsawo. Tsigi ta yi ta gyangyaɗi, wuyanta ya ƙage.

Ba ta tsaya nan ba. Zanin gado, rigar filo, hular makaranta, tawul, duk ta zuba a babbar tukunya ta dafa su kamar za a ci. Katifa ta sha rana har ta yi ƙamshin ƙuna. Ta bi ɗinkin kayan makaranta da dutsen guga. 'Yar tsanar Tsigi, da take da gashin ulu, aka ɗaure ta a leda aka jefa saman kwaba kamar mai laifi. Ba abin da ta bari. In ka ga aikin sai ka ce wannan ƙwarƙwatar ta gama yawo.

To amma kowace makitsiya tana da inda take ajiye matsefi in hannu biyu suna aiki. Wata a baki, wata a cinya, wata ta soke shi a kan wadda ake yi wa kitson. Ita a kanta take sokewa. Tun tana koyo ta saba, ta tura shi ƙarƙashin ɗankwali, saman kunnen dama, ya shige cikin gashinta ya zauna daram. Ba ta sanin ta yi, kamar yadda mutum ba ya sanin ya ƙifta ido. Kitson da ke ƙarƙashin ɗankwalin kuwa, tun kafin a kwantar da mijinta aka yi shi. Ba ta kwance ba. In tana wanka ta watsa masa ruwa sama-sama, ta mayar da ɗankwali. Abokan aikinta sun yi mata tayi da farko, su ce zauna mana a gyara miki kan nan, ta ce gobe. Da goben ta yi yawa suka daina.

Haka matsefin yake fita daga kan Tsigi ya shiga nata, ya huta, ya fito ya koma kan Tsigi. Tana dafa matsefin fa, ba ta wasa da wannan. Sai dai dafaffen matsefin, kafin ya taɓa kan yarinyar, ya riga ya leƙa saman kunnen dama ya gaisa da mutanen gidan.

Tsigi ta koma makaranta da sabon kitso, malamar ta duba ta ce madalla. Ba a jima ba aka sake aikowa.

Wannan karon malamar ba ta ma wahalar da kanta da rage murya ba. Makitsiyar ta koma kemis, aka ba ta wani shamfun, mai kwalba daban da wari iri ɗaya. Aka sake dafa zannuwa har launinsu ya gudu. Ta ce lallai daga 'yar da suke zama benci ɗaya ne, malamar ta raba su. Ya dawo. Ta ce to 'ya'yan maƙwabta ne, ta hana Tsigi fita wasa. Ya dawo. Ta jefar da filon gaba ɗaya, yarinya ta koma kwana kan hannunta. Ya dawo. Abin ya zama kamar haya, wata ya kama, su zo.

Maƙwabciyarta, matar mai gyaran rediyo, wadda ba a taɓa yin ciwon da ba ta san maganinsa ba, ta ce kananzir za ta zuba, kakarta da shi ta yi musu kuma ga su nan da ransu. In kuma tana son ta gama da su a dare ɗaya, ta fesa maganin sauro ta ɗaure kan da leda. Makitsiyar ta taɓa ganin kan da aka yi wa haka, an kawo shi shago wai a rufe tabon da kitso. Ta ce ta gode. Maƙwabciyar ta ce to ai shikenan, masu sana'a sun fi mu sani, amma dai mu namu 'ya'yan suna makaranta.

Wurin wannan matar take barin Tsigi in an koro ta, don shago ba wurin kai ta ba ne. Matar ba ta ƙi ba, tsakani da Allah. Sai dai takan shimfiɗa mata tabarma daban can gefen randa, ta ba ta kofinta daban, in 'ya'yanta sun matso ta daka musu tsawa. Da yamma makitsiyar ta dawo ta tarar da 'yarta zaune a tsakiyar tabarmar, ta naɗe ƙafa, kamar kayan da aka ajiye za a zo a ɗauka. Ƙeyarta duk ta yi ƙuraje saboda susa, fatar kan tana ɓarewa saboda shamfu. Ta dube ta, ta san abin tausayi ne, ta san nan ne ake jin wani abu a ƙirji. Ta ce mata tashi mu je.

A shagon ma an yi 'yar hatsaniya. Wata mai sayar da atamfa ta dawo da 'yarta tana faɗa, wai lafiya lau ta kawo yarinyar kitso, ta koma gida da baƙi. Anti ta tsaya da hannu a ƙugu ta wanke ta tas, ta ce shagonta ko ƙuda sai ya goge ƙafa yake shiga, mutane su kwaso ƙazantarsu daga gida su zo su shafa wa bayin Allah. Da matar ta tafi ta sa aka tara duk matsefan shagon a dafa. Makitsiyar aka ba aikin, don ta fi kowa tsabta. Ta dafa su, ta shanya, ta jera. Ta ɗauki nata ta soke.

Da jarrabawa ta matso, shugabar makarantar da kanta ta kira ta ofis. Mace ce mai sanyin magana, irin waɗanda suke yanka mutum yana yi musu godiya. Ta ce sun yi haƙuri iya haƙuri, yarinya ta fi zama a gida fiye da aji, karatun da ma yaya yake. Ta ce abu biyu ne, ko a sauke gashin gaba ɗaya a huta, ko kuma Tsigi ta zauna gida sai wani zangon, ta maimaita ajin. Ta ce gashi ai fitowa yake yi.

Makitsiyar ta ce haka ne.

Ba ta yi dogon tunani ba, don tunanin ma sai da ƙarfi. Ta ga dai ta yi duk abin da ake yi, saura wannan. Da safe tana ɗaura wa Tsigi ɗankwali ta faɗa mata inda za su. Yarinyar ta ɗago ta dube ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi birgima ba. Ta je ta sa takalminta, ta sa na dama a hagu, ta zauna ta gyara.

Da hannunta za ta iya yi, akwai almakashi a gidan. Ta ɗauko shi ma, hannun ya ƙi. Masu askin unguwa kuwa duk sun san ta, kafin azahar labari ya isa kunnen Anti. Sai suka shiga motar haya suka yi nisa, har inda ba mai gaishe ta, suka sauka a wani layi na masu walda da masu sayar da tayoyi. A nan ta ga wani ɗan shagon aski mai kujera ɗaya, da labulen roba, da hoton kawuna iri-iri da rana ta cinye.

Mai askin tsoho ne, tabaransa ɗaure da zare. Akwai wani mutum zaune a benci yana jiran a gyara masa gemu, ya ce a fara yi wa yarinyar, shi ba ya sauri. Tsohon ya ɗora katako kan hannuwan kujerar, ya ɗaga Tsigi ya zaunar, ya yafa mata ƙyalle. Da aka cire ɗankwalin gashin ya zubo, sai ya tsaya da injin a hannu.

"'Yata, kin tabbata? Irin wannan ba a sayar da shi a kasuwa."

Ta ce ta tabbata. Ta faɗa masa dalili a taƙaice. Ya ce ai ba komai, shi ya ga abin da ya fi haka, akwai kan da ya taɓa askewa sai da ya yi wa injin wanka. Ya ce ba zai tsaya yi da almakashi ba, jan rai ne ga yaro, gara a yi a wuce wurin. Ita dai ta ɗaga masa gashin sama ya samu hanya.

Ta zaro matsefi, ta tsaga gefen hagu, ta tattara, ta soke matsefin a inda ta saba, ta riƙe gashin da hannu biyu. Da ta sunkuya ɗankwalinta ya ɗan zame baya. Injin ya yi ƙara. Tsohon ya ɗora shi saman kunnen Tsigi ya tura sama, a hankali, har kusa da tsakiyar kai. Gashin wurin ya taho gaba ɗaya a hannun uwar, dogo, da ɗuminsa. Inda ya tashi fata ta fito fara sol, ba ta taɓa ganin rana ba.

Tsigi ba kanta take kallo a madubin ba. Uwarta take kallo.

"Umma, ke ma za a yi miki?"

"A yi mini me?"

"Askin. Ai naki sun fi nawa yawa."

Injin ya yi shiru. Mai jiran gyaran gemu ya tuna yana da wani uzuri, ya tashi ya fita. Tsohon ya ɗaga kai yana duba rufin shagonsa kamar yau ya fara ganinsa.

Makitsiyar ta kai hannu saman kunnen dama, ta zaro matsefin, ta kawo shi gaban idonta. Guda biyu suna tafiya a kan haƙoran, ɗaya ƙatuwa, ta ƙoshi. Ta daɗe tana kallonsu. Su ma ba su nuna sun san ta ba.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun tuni. Kullum kina susa da bayan matsefin. Har a wuyanki suke sauka in kina duba mini."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ɗauka kin sani. Ke kike ganin na kowa."

Yarinyar ba ta san abin da ta faɗa ba. A tunaninta kowane kai da nasa yake haifa, na uwa daban, na 'ya daban, kamar yadda kowa da ƙafarsa. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa waɗanda ake kashewa da yamma, 'yan uwansu ne suke dawowa ta'aziyya ba.

Tsohon ya yi gyaran murya ya ce to yanzu yaya za a yi, shi dai ya riga ya buɗe hanya, kuma ba a barin kai haka kamar gonar da aka fara huɗa aka gudu. Gara a ƙarasa, in ya so a yi maganin na babbar daga baya.

Makitsiyar ta ajiye matsefin kan teburinsa, ta ajiye gashin da ke hannunta, ta kama kan Tsigi ta juya shi wajen haske. Ta ɗora yatsu kan layin. Faɗin yatsa biyu ne da ɗan ƙari. Ta taɓa gashin da ke samansa, ta taɓa na ƙasansa, ta jawo na saman ta kwantar ta gani, ta ɗaga, ta sake kwantarwa ta wani gefen. Ita ba ta yanke shawarar komai ba, hannuwan ne suke ta lissafinsu tana kallo.

"Bar shi haka, Baba."

"Haka? Yara za su cinye ta ɗanya."

"Nan kuma aikina ne. Naka ga shi nan."

Ta sauke yarinyar, ta cire katakon, ta zauna a kujerar ta kwance ɗankwali.

Tsohon ya leƙa waje, ya ja labule, ya saka sakata. Da ya juyo ya ga kan, sai ya gyara zaman tabarau. Kitson ya daɗe da daina zama kitso, ya cukurkuɗe ya zama abu ɗaya kamar tsohuwar igiya. Injin ba zai shiga ba, dole sai da almakashi. Ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, ya fara yankowa dunƙule-dunƙule. Da ya kai ƙeya, ya ce a nan kam sun kafa gari, har da unguwanni da kasuwa.

Tana kallon matar da ke cikin madubin ana rage mata kai. Kunnuwan suka fito manya, goshin ya ƙara faɗi, ga tabon susa ja-ja ko'ina, wasu har sun yi ɓawo. Wai duk ita ta yi wannan da hannunta. Ta tuna mai atamfa da 'yarta. Ta tuna sauran kawunan da matsefin nan ya bi, na amare, na 'yan makaranta, na wata tsohuwa mai furfura da take zuwa duk ƙarshen wata. Tunanin ya zo ya zauna kusa da ita, bai yi mata komai ba, ita ma ba ta kore shi ba.

Tsigi kuwa ta ɗauke gashinta daga kan teburin ta riƙe a hannu tana shafawa. Da aka gama, tsohon ya naɗe jaridun ya miƙo hannu don ta ba shi gashin, ta ɓoye a bayanta. Uwar ta ce ta bayar, akwai ƙwai a jiki. Ta ɗan jima, sannan ta bayar. Ya haɗa da matsefin ya cusa a leda ya ƙulle bakin.

A mota suna zaune a kujerar baya, kowa da ɗankwalinta, Tsigi tana kallon taga.

"Kin ce ba za a aske ba."

"Na ce."

"An aske."

"An aske."

Tsigi ta ci gaba da kallon taga har suka sauka.

Uwar ta sayi sabon matsefi a hanya. A gida ta wanke kan Tsigi, ta wanke nata, in ma za a kira shi wanki, don abin da ya rage ko sabulu bai riƙe ba. Ta sake dafa abin da ake dafawa. Ta ajiye kwano da ruwan zafi a gefenta, matsefi in ya fita daga gashi nan yake shiga. Ba ta yi gaggawar mayar da yarinyar makaranta ba. Kullum da yamma ta zaunar da ita ta bi kan, yau a samu ƙwai kaɗan, gobe ɗaya, jibi babu. Ta ci gaba da dubawa bayan babun, har ta wuce lokacin da ƙwarƙwatar ta saba dawowa. Farin ƙyallen ya tashi fari.

Sannan ta zauna kitson. Ba irin wanda ta saba ba ne, ba shi ma da suna. Ta fara daga tsakiyar kai ta gangaro hagu, ƙanana-ƙanana, a matse da juna. In ta iso layin da aka aske, inda ba abin kamawa sai ɗan tsiro mai kaushi, sai ta haye da silin a sama kamar gada, ta kamo gashin ƙasa ta ci gaba. Wasu suka zame ta kwance ta sake. Tun hantsi take abu ɗaya har inuwa ta juya. Da ta gama, daga nesa ba ka ganin komai sai kitso mai kwantawa gefe guda. Daga kusa, in ka san inda za ka duba, fatar tana leƙowa tsakanin layukan.

Tsigi ta karɓi madubi ta daɗe tana juya kai. Ta ce ya karkace. Uwar ta ce haka aka yi shi. Ta ce ana gani. Uwar ta ce kaɗan. Yarinyar ta ajiye madubin a kife ta tafi ta kwanta.

Washegari suka je makaranta tare. Malamar ta fito da su baranda, ta ɗauko fensir, ta fara ɗaga kitson layi-layi tun daga dama, tana leƙawa, bakinta a tsuke, ta shirya abin da za ta faɗa. Ta bi ƙeya, ta bi bayan kunne. Da ta zo hagu fensirin ya shige ƙarƙashin kitson ba abin da ya tare shi. Ta tsaya. Ta ɗaga layi ɗaya ta ga abin da ke ƙasa. Ta ɗago ta dubi makitsiyar, ta dubi ɗankwalin da ya kwanta mata lif a kai kamar an ɗaura wa tulu. Sannan ta zare fensirin a hankali, ta sa yatsa ta mayar da layin inda yake, ta danna shi ya kwanta.

"Shiga ki zauna," in ji ta.

Tsigi ta shiga, kanta a ɗan karkace, gefen hagun wajen bango. Ba ta waiwayo ba.

Makitsiyar ta fita ta tsaya a bakin ƙofar makarantar, ko za a sake korowa. Aka kaɗa ƙararrawa. Masu latti suka wuce ta da gudu, jakunkuna suna dukan bayansu. Daga ajujuwan aka fara jin karatu, kowane aji da nasa ihun. Ba wanda ya fito. Maigadin, da ya gaji da kallonta, ya tambaya ko ta manta wani abu ne a ciki.

Ta ce a'a, ba ta manta komai ba. Ta ɗan ƙara tsayawa, sannan ta tafi.